Ma'anar "masana'antar mata" a tarihin fursunonin Ostireliya

Mai karanta tarihin fursunonin da Birtaniya ta tasa ƙeyarsu zuwa Ostireliya ba zai daɗe ba zai ci karo da sunan Female Factory, wato masana'antar mata. Jin sunan zai sa ka zaci masaƙa ce da ake ɗaukar ma'aikata ana biyan su albashi. Ko kusa. Gidan yari ne na mata zalla, kuma shi ne zangon jiran aikatau, shi ne ɗakin haihuwa, nan ne kuma maza ke zuwa neman aure. An kira shi masana'anta ne saboda ana so guminsu ya rage wa gwamnati kuɗin ciyar da su.

Daga 1788 zuwa 1868 Birtaniya ta tura fursunoni kimanin 162,000, mata a ciki wajen 25,000. Galibinsu 'yan mata ne masu aikatau daga Ingila da Ayalan, laifin mafi yawansu kuwa sata ce ta tufa ko agogo ko 'yan kuɗi. Hukuncin shekara 7 ne, ko 14, ko rai da rai. Sai dai ko mai shekara 7 da wuya ta sake ganin gida, domin gwamnati ba ta biyan kuɗin komawa. Namiji yana iya yin aikin jirgi a madadin kuɗin hanya, mace ba ta da wannan ƙofar.

Tun a teku ake fara sa musu allura a hannu. Ƙungiyar Elizabeth Fry, Baturiyar Ingila mai fafutukar gyara gidajen yari, takan ba kowace mace zare da allurai da ƙyallaye kafin jirgi ya tashi. Matan jirgin Rajah, wanda ya isa Hobart ta tsibirin Tasmaniya a 1841, sun harhaɗa ƙyallaye 2,815 suka ɗinka babban mayafin gado guda, yana nan ajiye a gidan adana zane-zane na ƙasa a Canberra.

Biyu ne suka fi suna cikin waɗannan gidaje. Na Parramatta, kusa da Sydney, an buɗe shi a 1821, kuma wanda ya zana ginin, Francis Greenway, shi ma fursuna ne. Don mata 300 aka gina shi, amma a 1842 fiye da 1,200 ne a cunkushe. Na Cascades, a Hobart ta tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya, an buɗe shi a 1828 a tsohuwar matatar barasa, cikin kwari mai danshi a gindin dutse. Da hunturu rana ba ta cika leƙa tsakar gidan ba.

Aji uku ake raba matan. Aji na ɗaya su ne sababbin zuwa masu kyakkyawar shaida daga likitan jirgi, da waɗanda suka gama horo, su ake rabawa gidajen Turawa 'yan kaka-gida su yi girki da wanki da reno ba albashi, sai abinci da tufa. Aji na biyu na masu ƙaramin laifi ne da waɗanda ake gwada halinsu. Aji na uku shi ake kira ajin laifi, a Cascades har harafin C ake ɗinka musu a jikin riga don a gane su daga nesa. Su ke da aiki mafi wuya: wanki a ruwan sanyi, da warware tsofaffin igiyoyin jirgi masu kwalta da yatsu, don a toshe ramukan katakon jirage da zaren. Da bazara aikin kan kai awa 12. Uban gida yana iya mayar da yarinya gidan yarin saboda maye, ko fita ba izini, ko mayar da magana. Horon da ke jiran ta ya haɗa da ɗakin duhu da burodi da ruwa, da ƙarfe a wuya, da aske kai. Askin nan ya fi komai ci musu rai.

Inda tsarin ya fi muni shi ne batun ciki. Yarinyar da aka kai gidan da ba ta da kowa, ba ta da ikon barinsa, idan ta yi ciki ita ake kamawa da laifi, ko da uban gidan ne ko ɗansa ya yi mata. A mayar da ita Cascades ta haihu, ta shayar wata shida, daga baya aka ƙara zuwa tara, sai a yaye jaririn dole, ita kuma ta shiga ajin laifi na wata shida. Jariran da aka raba da nono ana tara su a ɗaki mai danshi da cunkoso, a kan abincin da cikinsu bai iya ɗauka ba, gudawa ta riƙa kwashe su. A 1838 jaridun Hobart suka ta da ƙura kan yawan mace-macen, aka mayar da ɗakin renon wani gida a cikin gari. Wanda ya rayu ya kai shekara biyu zuwa uku, gidan marayu ake kai shi, alhali uwarsa na da rai.

Matan ba su zauna shiru ba. A Oktoban 1827 na Parramatta suka fasa ƙofa suka bazu cikin gari saboda an rage musu shayi da sukari, sai da aka turo sojoji.

Hanyar fita biyu ce. Ɗaya takardar sassauci, wadda ke ba mace damar yin aikin kuɗi a gunduma guda kafin wa'adinta ya cika, kuma ana iya ƙwace ta kan ƙaramin kuskure. Ɗayar aure. Da yake maza sun ninka mata yawa, mutum kan zo Parramatta da takardar izini, a jera masa 'yan aji na ɗaya, ya zaɓa, idan ta amince a ɗaura. Da yawa sun amince da mutumin da ba su taɓa gani ba sai ranar.

An daina kai fursunoni yankin Sydney a 1840, Tasmaniya kuma a 1853. Ginin Parramatta ya koma asibitin masu taɓin hankali a 1848, Cascades ta daina aiki da wannan suna a 1856. Abin da ya rage nata, katangun dutse da gidan shugabar masu gadi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2010.