Don Allah Ku Daina Zuba Guba a Mushe

An sake kira na in je in duba mushen saniya da aka barbaɗe da maganin kwari. Tun daga nesa na san abin da zan tarar, don babu tsuntsu ko ɗaya da ke shawagi a sama. Ungulaye ne kwance a kewaye da mushen, fukafukai a buɗe, ƙafafu a dunƙule, wata tana da sauran numfashi, wuyanta ya lanƙwashe, kumfa na fita daga bakinta. Hatta ƙudajen da suka sauka a kan naman sun mutu a wurin. Mai saniyar na tsaye a gefe yana ce mini, "Malam, ni fa kura na ɗana wa." Kurar ba ta zo ba.

'Yan'uwa makiyaya da manoma, na san zafin asarar dabba. Mutum ya yi shekaru yana kiwo, dare ɗaya kura ko karnukan daji su kashe masa, dole ransa ya ɓaci. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma guba ba ta tantance wanda ya yi laifi. Kura da dare take zuwa, in ma za ta dawo. Ungulu kuwa rana na ɗagawa ta hango mushe daga sama, kuma ungulu ba ta jewar banza: ɗaya ta sauko, sauran na ganinta su biyo baya. Kafin azahar ka kashe tsuntsayen yanki guda da hannunka. Karenka na kiwo ma in ya lasa, ya tafi.

A shekarar 2019 a ƙasar Botsuwana, mushen giwaye uku kacal aka sa wa guba, aka tsinci gawar ungulu 537. Ku sake karanta adadin. Uku suka kashe 537. Ga shi tsuntsuwar ƙwai ɗaya take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50. In uwa ta mutu a bakin mushenka, ɗan da ke cikin sheƙa yunwa ce za ta kashe shi. Yaushe za a mayar da irin wannan asara? Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa nau'o'in ungulun Afirka huɗu a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, har da ƙaramar nan mai jan fuska da aka saba gani kusa da mayanka.

Kullum sai wani ya ce mini, "To mene ne amfanin ungulu, ƙazamar tsuntsuwa?" Wallahi wannan magana tana ci mini rai. Ita ce fa mai kwashe ƙazantar. Taron ungulaye na cinye mushen babbar dabba cikin ɗan lokaci, kafin ya ruɓe ya cika gari da wari, kuma cikinta na narkar da ƙwayoyin cuta masu ƙarfi irin na ciwon saifa. Ba ta kashe maka ko ɗan tsako. Ba ta neman lada.

Ku tambayi abin da ya faru a Indiya. Can ba ma da gangan aka yi ba. Wani maganin ciwon jiki ne mai suna diclofenac ake yi wa shanu allurarsa, in dabbar ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Daga farkon shekarun 1990 zuwa 2007, wani nau'in ungulu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnuka marasa gida suka samu abinci suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi, lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa. Su kuskure ne ya jawo musu. Mu kuma da saninmu muke buɗe leda muna barbaɗawa. Haba jama'a!

Ina yawan fita da sassafe da madubin hangen nesa in ƙirga tsuntsaye a bishiyoyin da suke kwana. Akwai wata doguwar bishiya da a da nakan gaji da ƙirgen ungulayen da ke kanta suna shanya fukafukai a hantsi. Yanzu yatsun hannu ɗaya sun ishe ni. Yaran da ke bina wani lokaci sai na nuna musu hoto a waya kafin su gane abin da muke nema.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne:

Kada a sa guba a mushe, ko wane iri, ko don wace dabba.
A ƙarfafa shingen garke, a kwana da haske da kare mai tsaro.
In dabba ta mutu bayan an yi mata allura, a binne ta da zurfi. A tambayi likitan dabbobi meloxicam maimakon diclofenac, shi ba ya cutar da ungulu.
In kun ga tsuntsaye sun mutu a kusa da mushe, kada ku taɓa da hannu, ku kori yara da karnuka, ku kira ma'aikacin dabbobi ko na gandun daji nan take. Wadda ke da sauran rai a kai ta inuwa da tsumma a hannu, wani lokaci ana ceto ta.

Maganin kwarin da ya rage muku kuma, a ɗaure bakinsa a ajiye inda yaro ba zai kai ba, na gona ne.