Haɗa akwatin imel na intanet da manhajar imel ta kwamfuta

Akwatin imel na intanet shi ne wanda ake buɗewa ta burauza, kamar Gmail, Yahoo Mail ko Outlook.com. Manhajar imel ta kwamfuta kuwa ita ce wadda ake girkawa a kan na'urar kanta, irin su Mozilla Thunderbird, Microsoft Outlook da Apple Mail. Haɗa su yana nufin a bai wa manhajar izini da adireshin da za ta riƙa ɗauko saƙonni daga sabar kamfanin imel, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wasiƙun, ta kuma aika sababbi ta can. Adireshin mutum ba ya canzawa, akwatin ma yana nan inda yake. Hanya ce kawai aka ƙara ta isa gare shi.

Dalilan yin hakan a fili suke. Saƙon da manhaja ta riga ta sauke ana karanta shi ko babu netwok, ana rubuta amsa ta jira har intanet ta dawo ta tafi da kanta. Mai akwati uku ko huɗu yana ganinsu duka a fuska ɗaya. Sannan akwai kwafin wasiƙu a hannun mai su, wanda ke da amfani ranar da aka rufe masa asusu.

Ƙa'idoji uku da aikin ya dogara a kansu

Karɓa da aikawa ayyuka biyu ne daban, kowanne da sabarsa. Shi ya sa ake yawan ganin manhaja tana karɓar saƙo lafiya lau amma ta ƙi aikawa.

Aikawa aikin SMTP ne, ƙa'idar da Jon Postel ya wallafa a 1982. Karɓa kuma sai an zaɓa tsakanin POP3 da IMAP, kuma wannan zaɓi shi ne mafi nauyi a duk lamarin, domin shi ke yanke inda ainihin wasiƙun za su zauna.

POP, wanda POP3 ce sigarsa ta uku, ya fara fitowa a 1984, lokacin da mutum ke da kwamfuta ɗaya, layin intanet kuma da tsada. Tsarinsa kamar akwatin gidan waya ne: ka zo ka buɗe, ka kwashe, ka tafi da su gida. Akwatin shiga kaɗai yake gani. Bai san manyan fayil ba, bai san wane saƙo aka karanta ba, kuma abin da aka aika daga kwamfutar a kanta yake tsayawa. Thunderbird da Outlook sukan bar kwafi a sabar na kwana 14 sannan su goge, sai idan an canza wannan saiti. Nan ne mutane ke shan mamaki: bayan mako biyu su buɗe waya su tarar tsofaffin saƙonni sun ɓace, alhali suna can cikin kwamfutar ofis.

IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a jami'ar Stanford a 1986, yana barin komai a sabar. Manhajar tana nuna abin da ke can ne, tana ajiye kwafi don sauri. In an karanta saƙo a kwamfuta, zai bayyana a waya an karanta shi. In an goge a nan, ya gogu a can. Ga duk mai amfani da na'ura fiye da ɗaya, IMAP ne zaɓin da ya dace. Sai dai a kula da abu guda da ake yawan kuskurewa: kwafin IMAP ba ma'ajiya ba ce. Idan wani ya shiga asusun ya share komai, da zarar manhajar ta haɗu da sabar ita ma za ta share nata. Wanda ke son ajiya ta gaske sai ya kwafi saƙonnin zuwa manyan fayil na cikin kwamfuta, waɗanda ba su da alaƙa da sabar.

Adireshi da lambobin ƙofa

Kowace sabar tana sauraro ta ƙofa mai lamba. IMAP mai tsaro yana kan 993, POP3 mai tsaro yana kan 995. Tsofaffin ƙofofinsu, 143 da 110, a buɗe suke fara magana, kuma manyan kamfanoni ba sa yarda a shiga ta nan ba tare da ɓoye bayanai ba. Wajen aikawa akwai biyu: 465, inda ɓoyewa ke farawa tun daga gaisuwar farko, ana zaɓa mata SSL/TLS, da 587, inda ake fara magana a fili sannan a koma ɓoye, ana zaɓa mata STARTTLS. Haɗa 465 da STARTTLS, ko 587 da SSL/TLS, yana sa haɗin ya gaza, sau da yawa ba tare da manhajar ta faɗi ainihin dalili ba. Ƙofa ta 25 ta sabar da sabar ce, kuma masu ba da intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza.

Na Gmail su ne imap.gmail.com, pop.gmail.com da smtp.gmail.com. Na Yahoo su ne imap.mail.yahoo.com, pop.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com. Outlook.com da tsofaffin adireshin Hotmail suna karɓa ta outlook.office365.com, suna aikawa ta smtp-mail.outlook.com a ƙofa ta 587. iCloud yana da imap.mail.me.com da smtp.mail.me.com, ba shi da POP sam. Sunan mai shiga kusan ko da yaushe cikakken adireshin imel ne, har da abin da ke bayan alamar @.

Ba kasafai ake buƙatar rubuta waɗannan da hannu ba. Thunderbird yana da kundin saitunan manyan kamfanoni, yana cika su da kansa. Inda ake buƙatar hannu shi ne imel na makaranta, ma'aikata ko kamfani mai nasa suna, wanda wasu ke buɗewa ta Roundcube, wani shafin karanta imel a burauza. A irin wannan, shafin kula da asusun yakan nuna saitunan, kuma sunan sabar da aka bayar a can shi ake rubutawa harafi da harafi.

Shiga: inda yawancin matsala take yanzu

Shekarun baya kalmar sirri ta wadatar. Yanzu ba haka ba ne. Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga manhajoji a asusun jama'a tun 30 ga Mayu 2022, Microsoft kuma ya yi haka ga Outlook.com a 16 ga Satumba 2024. Saboda haka mutum zai rubuta kalmar sirrinsa daidai sau goma manhaja ta ce ba daidai ba, kuma ba laifin yatsunsa ba ne.

Hanyar da ta maye gurbi ita ce OAuth2. Manhajar takan buɗe ƙaramar taga ta kamfanin imel ɗin kansa, mutum ya shiga a can, ya tabbatar ta wayarsa in ya kunna tabbaci mai mataki biyu, sannan ya amince manhajar ta karanta ta aika. Abin da manhajar ke riƙewa alamar izini ce, ba kalmar sirri ba, kuma ana iya soke ta daga shafin tsaro na asusun ba tare da an taɓa sauran na'urori ba. A Thunderbird tagar ba ta aiki idan an hana karɓar kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a na'ura, a saitin sirri. Takan tsaya fari fat ko ta riƙa komawa farko.

Tsofaffin manhajoji da ba su san OAuth2 ba suna buƙatar kalmar sirri ta manhaja. A Google haruffa 16 ne da ake samarwa daga shafin tsaro, kuma zaɓin ba ya bayyana sai an kunna tabbaci mai mataki biyu. Sau ɗaya ake nuna ta, a kwafa a liƙa a gurbin kalmar sirri. Idan aka canza babbar kalmar sirrin asusun, duk waɗannan sun mutu, sai an samar da sababbi. Yahoo da iCloud ma suna da irin wannan tsari. Proton Mail daban yake: saboda yadda yake ɓoye saƙonni, sai an girka wata ƙaramar manhaja tasa mai suna Bridge, wadda masu biyan kuɗi kaɗai ke samu, manhajar imel kuma ta haɗu da ita a cikin kwamfutar.

Yadda ake yi a aikace

A fara da burauza. A tabbatar ana iya shiga asusun, wayar da ke karɓar lambar tabbaci kuma tana kusa. A Gmail na jama'a IMAP a kunne yake dindindin tun Janairun 2025, amma POP sai an kunna shi a saituna. A Outlook.com sai an shiga saitin wasiƙu an bai wa na'urori izinin amfani da POP ko IMAP. Asusun makaranta ko ma'aikata kuwa mai kula da tsarin na iya rufe su gaba ɗaya, kuma babu saitin da zai buɗe abin da ya rufe.

Sannan a buɗe manhajar a zaɓi ƙara asusu, a rubuta suna yadda ake so ya bayyana ga masu karɓa, da adireshin. Idan ta kawo zaɓi, a duba da kyau cewa IMAP aka ɗauka, domin asusun da aka kafa da POP ba ya juyewa zuwa IMAP. Sai an sake kafa sabo an kwashe saƙonnin da hannu. Bayan an ba da izini, a aika wa kai saƙon gwaji, a ga ya fita, ya dawo, ya kuma bayyana a burauza cikin waɗanda aka aika.

Saukarwar farko ita ce mai cin data. Akwatin da ya shekara goma yana iya kai gigabait da yawa, kuma manhajar za ta fara jan komai nan take. Mai amfani da datar waya gara ya shiga saitin daidaitawa tun kafin nisa, ya taƙaita zuwa saƙonnin kwana 30 ko 90 na baya, ko ya hana sauke duk saƙon da ya wuce wani girma. Google ma yana da iyaka, megabait 2,500 a rana ta IMAP. In an wuce, saukarwar ta tsaya sai an jira.

Halin Gmail na musamman

Gmail ba ya amfani da manyan fayil na gaske. Lakabi yake liƙa wa saƙo, kuma saƙo ɗaya na iya ɗaukar lakabi uku. Da ya ƙara IMAP a 2007 sai aka nuna kowane lakabi a matsayin babban fayil. Sakamakon haka saƙo ɗaya kan bayyana a wurare da dama, kuma duka suna cikin wanda ake kira All Mail. Manhajar da ke sauke komai takan ja saƙo guda sau biyu ko uku. Maganinsa a cire All Mail daga jerin waɗanda ake saukewa, ko a ɓoye shi daga IMAP a saitin lakabai.

Gogewa ma da sarƙaƙiya. Cire saƙo daga wani babban fayil sau da yawa lakabin kawai yake cirewa, saƙon yana nan a All Mail. Don ya gogu da gaske sai ya shiga kwandon shara na Gmail, inda yake kwana 30 kafin ya tafi. Haka kuma sabar Gmail tana ajiye kwafin duk abin da aka aika ta cikinta, don haka idan manhajar ita ma tana ajiyewa, kowane saƙo zai fito biyu. A kashe na manhajar.

Ga masu POP a kwamfuta biyu akwai dabara: rubuta recent: a gaban adireshin a gurbin sunan mai shiga yana sa Gmail ya miƙa saƙonnin kwana 30 na baya ko da wata na'urar ta riga ta kwashe su.

Sauran abubuwan da ke lalacewa

Lambar kuskure 535 daga sabar aikawa tana nufin an ƙi shaidar shiga. A duba hanyar shiga ta SMTP ita kaɗai, domin saitinta daban yake da na karɓa. A Outlook, 0x800CCC0E na nufin ba a kai ga sabar ba kwata-kwata, wato sunan sabar, lambar ƙofa, ko wani abu da ya tare hanya. Sau da yawa mai tarewar manhajar kashe ƙwayar cuta ce da ke shiga tsakani don ta binciki wasiƙu. Kashe wannan sashe nata na ɗan lokaci yana nuna ko ita ce.

Gargaɗin cewa takardar shaidar sabar ba ta inganta ba yana da sanadi biyu da aka fi gani. Na farko agogon kwamfuta. Tsohuwar na'urar da ƙaramin batirin allonta ya mutu takan koma wata shekara ta baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai ta ga kowace takardar shaida kamar lokacinta bai yi ba. Batirin, wanda a yawancin kwamfutocin tebur CR2032 ne, ba shi da tsada. Na biyu, sunan sabar da aka rubuta bai yi daidai da wanda ke jikin takardar ba, abin da ya zama ruwan dare a imel na ƙananan kamfanoni. Danna amincewa ba tare da an gano dalili ba ganganci ne, musamman a kan Wi-Fi na jama'a.

Gmail yana yarda da haɗi 15 ne kawai a lokaci guda ta IMAP, kuma manhaja ɗaya takan buɗe har biyar. Kwamfuta biyu da waya da kwamfutar hannu sun isa su cika adadin. Rage yawan haɗin a saitin sabar na manhajar yana warware shi. Iyakar abin liƙawa a Gmail megabait 25 ce, kuma fayil yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka shirya shi don tafiya ta imel, don haka saƙon da ya wuce iyakar sabar yana iya maƙalewa a akwatin fita, ya kuma tare duk na bayansa har sai an cire shi.

IMAP wasiƙu kaɗai yake ɗauka. Lambobin mutane da kalanda suna bin wasu ƙa'idoji, CardDAV da CalDAV, kuma sai an haɗa su daban. Matatun da aka kafa a manhajar don rarraba saƙonni da kansu kuma ba sa aiki sai tana buɗe, saɓanin waɗanda aka kafa a burauza.

Inda saƙonnin ke zama a kwamfuta

Outlook na gargajiya yana ajiye asusun POP a fayil mai ƙarewa da .pst, na IMAP kuma tun sigar 2013 a .ost. Na farko shi ne ainihin wasiƙun, in ya ɓata sun ɓata. Na biyu kwafi ne da ake sake ginawa daga sabar. Thunderbird yana tara komai a babban fayil na bayanan mai amfani, wanda ake iya kwafewa ɗungurungum zuwa sabuwar kwamfuta. Sabon Outlook na Windows ya sha bamban: yana ratsa saƙonnin Gmail, Yahoo da sauran asusun IMAP ta sabar Microsoft, abin da ma'aikatar da ke da dokar sirri ya kamata ta sani kafin ta amince.

Duk wanda ya iya buɗe kwamfutar zai iya karanta abin da aka sauke, ba tare da an tambaye shi kalmar sirrin imel ba. Don haka ba a haɗa akwati da manhaja a kwamfutar shagon buga takardu ko wadda ake rabawa a ofis. Idan za a sayar da na'ura ko a kai ta gyara, a cire asusun, a goge fayilolin ajiyar, sannan a shiga shafin tsaro ta burauza a soke izinin da aka ba manhajar.