Hawan jinin ido: wai ina jinin yake?

Da watan Maris ya kama, aka shiga makon wayar da kai kan gilakoma, sai "hawan jinin ido", sunan da ake kiran cutar da shi, ya cika gidajen rediyo. Yanzu har ya shiga bakin 'yan siyasa masu ɗaukar nauyin aikin ido kyauta. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai gabatarwa ya ɗora da cewa a rage gishiri, a rage tunani, sai ka ce hawan jinin da muka sani ne ya ƙaura ya koma ido.

Babu ruwan jini a maganar. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da idon ke samarwa ba dare ba rana, yana kuma ficewa ta wasu 'yan mitsi-mitsin kafofi da ke kewaye da baƙin ido. In kafofin suka cushe, kamar kwatar da shara ta toshe, ruwa na shigowa ba ya fita yadda ya kamata. Sai matsi ya ƙaru, ya riƙa kashe jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Na'urar awonsa ma daban take, kuma yawancin masu lafiya matsin idonsu tsakanin 10 ne da 21. Akwai ma wanda bai haura 21 ba, jijiyar kuma tana lalacewa. Shi ya sa likita ba ya tsayawa kan lamba, sai ya leƙa jijiyar, ya gwada faɗin ganin mutum.

To ga ɓarnar sunan. Dattijo ya ji a rediyo, ya nufi kemis, aka ɗaura masa awo a damtse, aka ce, "Baba, 120 bisa 80, jininka lafiya lau." Ya koma gida da murna. Ita kuwa cutar, irin wadda ta fi yawa a wurinmu, ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Daga gefe take fara ci, ɗaya idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Yana karatun Alƙur'aninsa sarai, amma ɗan acaɓa ya ɓullo ta gefe bai gan shi ba, ya fara karo da bakin ƙofa, iyali su ce tsufa ne. Kafin a kai shi asibiti an yi nisa.

Nan kuma ake haɗa ta da yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta, gilakoma wajen kashi 17. Ita yanar ana cire ta, a sa gilashi a cikin idon, gani ya dawo, a ɗauki hoto da mai girma. Gilakoma ba ta da wannan ranar. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa irin timolol, ko aikin hasken leza, ko tiyata, aikinsu tsare abin da ya rage, kuma ɗigon na kullum ne, ba na kwalba ɗaya ba. Da yawa suna daina shi don "ba su ga canji ba", alhali rashin canjin ake nema.

Ni da za a bi tawa, a bar ta da gilakoma, duk da nauyinta a baki. Aƙalla ba ta tura kowa awon damtse. Wanda ya haura 40, ko aka taɓa samunta a danginsu, ko ya daɗe yana ɗiga magani mai sitiroyid (sinadarin rage kumburi) da ya saya da kansa don ƙaiƙayi, awon matsin ido da duba jijiya zai nema da bakinsa. Ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sashen ido na asibitocin koyarwa.