Kangarar yaro a gida da makaranta

Kangarar yaro ita ce halin da yaro kan daɗe a ciki yana nuna rashin ji, da yawan faɗa, da kasa zama wuri guda, ko fushin da ya wuce kima, har abin ya hana shi karatu ya kuma ɓata zamansa da mutane. Ba kowace ƙiriniya ake sakawa a wannan sahu ba, domin ɗan shekara biyu da ke birgima idan an hana shi abu yana kan hanyar girma ne. Abin da likitoci ke dubawa shi ne ko halin ya kai wata 6, ko ya zarce na sa'o'insa, kuma ko ana ganinsa a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makarantar boko da islamiyya.

Wadda aka fi sani a cikin waɗannan matsaloli ita ce lalurar rashin natsuwa da yawan motsi, wato ADHD, wadda likitan yara na Ingila George Still ya bayyana alamominta a 1902. Tana shafar kusan kashi 5 cikin 100 na yaran duniya, an fi gano ta a maza, kuma alamominta na bayyana kafin shekara 12. Gado yana da babban hannu a cikinta, saboda haka ɗora wa uwa laifin gaza tarbiyya, kamar yadda ake yawan yi, zalunci ne a kanta.

Sau da yawa kuma akwai ciwon da ke ɓoye a bayan halin. Yaron da kunnensa ke fitar da ruwa ba ya jin malam sosai, sai a ce yana da kunnen ƙashi. Wanda ba ya ganin allo daga bayan aji kan koma tsokanar na kusa da shi. Akwai nau'in farfaɗiyar da yaro kan ƙura ido na 'yan daƙiƙu ba tare da ya faɗi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da gubar dalma, da yunwa, da ƙarancin barci, da mutuwar auren iyaye, duk suna iya sauya halin yaro.

A gidaje da yawa na Bauchi da Gombe, akan fara da dorina, sannan ruƙiya ko rubutun sha, wani lokaci a tura yaron makarantar allo a wani gari. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma duka, kamar yadda bincike ya sha nunawa, yakan ƙara wa yaro taurin kai da saurin hannu.

Maganin farko, musamman ga ƙananan yara, shi ne koyar da iyaye: umarni ɗaya gajere a lokaci guda, yabo nan take idan yaro ya yi daidai, da hukunci marar duka wanda ba ya sauyawa daga rana zuwa rana. Wannan ba ya yiwuwa sai uba da uwa da kaka da abokiyar zama sun yi magana da murya ɗaya, abin da ke da wuya a babban gida. Malamin aji kan taimaka ta hanyar zaunar da yaron a gaba, da rarraba masa aiki, da ba shi hidima kamar goge allo. Idan abin ya yi tsanani, likita na iya rubuta magani irin su methylphenidate, galibi daga shekara 6. Ana samun likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma yana da amfani iyaye su tafi da rubutaccen bayanin malamin ajin yaron.