Na'urar TENS a lokacin naƙuda

TENS ƙaramar na'ura ce mai aiki da batir, girmanta bai wuce na wayar hannu ba, wadda ke tura wutar lantarki mara ƙarfi ta cikin fata zuwa jijiyoyi domin rage zafin ciwo ba tare da allura ko ƙwaya ba. Cikin shekarun 1970 aka fara amfani da ita ga masu naƙuda a Turai. Dabarar kuwa tsohuwa ce: tun ƙarni na farko wani likitan Rum, Scribonius Largus, yake maganin ciwon kai da wani kifin teku mai jan mutum kamar minjirya.

Ana manna ƴan faifai huɗu masu danƙo a bayan mace, biyu daga ƙasan haƙarƙari, biyu a kwankwaso, daidai inda jijiyoyin mahaifa ke haɗuwa da laka. Abin da take ji tsikari ne da ɗan zirr a fata. Ita ke riƙe da na'urar, ba ungozoma ba. Idan mara ta murɗa sai ta danna maɓalli wutar ta ƙaru, in ta lafa ta mayar da ita ƙasa.

Bayanin aikinta ya dogara ne kan nazariyyar da masana kimiyya Ronald Melzack da Patrick Wall suka fitar a 1965, cewa akwai wata irin ƙofa a laka da saƙon ciwo ke bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma tsikarin fata yana iya tare ta. Ana kuma zaton wutar tana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi.

Sai dai hujjar ba ta kai yadda ake tallata na'urar ba. Bitar da cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta yi a 2009 ta kuma sabunta a 2011, kan bincike 17 da suka ƙunshi mata 1,466, ba ta sami shaida mai ƙarfi cewa tana rage zafin naƙuda ba, ba ta kuma ga illa ga uwa ko jariri ba. Duk da haka da yawa cikin matan sun ce za su sake amfani da ita, wataƙila saboda ragamar tana hannunsu. An fi ba da shawararta a farkon naƙuda, musamman ga mai fama da ciwon baya.

Ba a shiga ruwa da ita, ba a manna ta kan rauni. Mai farfaɗiya da wadda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba sa amfani da ita sai da izinin likita.