Dokar caja ta Turai: babu mai yanke maka rezo saboda ramin cajin wayarka

Ranar Litinin da hantsi wata dattijuwa daga unguwar Bagalam ta Maradi ta zo rumfata ta gyaran waya a bakin babbar kasuwa, ta kwance gefen zanenta ta ciro wata Itel tsaf-tsaf, ko ƙwarzane babu a gilashinta. Ta ce, "Ɗana, saye ta ko nawa ne, tun ba ta zama ta banza ba." Na kunna wayar, na duba batir, na duba sauti, komai lafiya lau. Na ce, "Inna, me ya same ta?" Ta ce jikanta ne ya sa mata wata murya a WhatsApp, wai an kafa doka, duk wayar da ba ta da caja irin ta zamani za a cire ta daga rezo, kuma ƴan duwan za su riƙa ƙwace ta a Ɗan Isa, wajen iyakar Nijar da Najeriya. Ita ce ta huɗu da ta zo min da wannan zance cikin mako guda. Wani saurayi ma sai da ya rabu da tasa a rabin kuɗi sannan ya zo tambaya.

Dokar dai akwai ta, amma ta Tarayyar Turai ce, ƙasashe 27, kuma Nijar ba ta cikinsu. Majalisar dokokin tarayyar ta amince da ita ran 4 ga Oktoba 2022, wakilai 602 suka yarda, 13 suka ƙi, 8 suka ƙaurace. Lambarta 2022/2380. Abin da ta ce a taƙaice: daga 28 ga Disamba 2024, duk sabuwar na'urar da ake caji da igiya, in za a sayar da ita a kasuwannin tarayyar, dole ramin cajinta ya zama USB-C, wanda muke kira tip C a nan. Ta shafi wayar salula, tablet, kyamara, abin sauraro na kunne, ƙaramar lasifika da makamantansu. Masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka an ƙara musu wa'adi zuwa 28 ga Afrilu 2026.

Wanda ya daɗe a sana'ar waya ya san dalilin ba sai an gaya masa ba. Ku tuna allon mai cajin waya na tasha a shekarun baya: siririn tsinken Nokia, faffaɗan bakin Sony Ericsson, na Motorola daban, na Samsung ma kusan kowane samfuri da nasa. Igiyoyi sun harɗe kamar saƙar gizo, mai caji na laluben wadda za ta shiga. A 2009 kamfanoni suka yi yarjejeniya ta ganin dama da hukumar tarayyar, ire-iren caja suka ragu daga wajen 30 zuwa 3. Apple ne ya tsaya kan nasa bakin, Lightning, wanda ya fito da shi a 2012, har sai da dokar ta matso ya koma USB-C a iPhone 15 cikin Satumba 2023. Lissafin hukumar shi ne cajojin da ake zubarwa ko ake ajiyewa ba amfani suna kai tan dubu 11 a shekara, kuma dokar za ta iya rage wa masu saye kashe yuro miliyan 250 a shekara. Manufar ita ce a rage shara tun daga masana'anta, a daina ƙera abin da an san juji zai tafi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ranar nan ta 28 ga Disamba 2024. Da aka ji "daga rana kaza", sai aka ɗauka daga ranar tsohuwar waya ta haramta. Dokar tana magana ne kan lokacin da kaya ya fara shiga kasuwar tarayyar daga hannun mai ƙerawa ko mai shigowa da shi. Wayar da ta riga ta shiga kafin ranar, ko tana kanti ko tana aljihun mutum, dokar ba ta waiwaye ta ba. Bafaranshen da ke Faris da tsohuwar iPhone ɗinsa yana nan yana kira, yana iya sayar wa maƙwabcinsa, ba wanda zai ce masa uffan. To idan a can gidan dokar haka abin yake, ta ina za ta biyo Inna har Bagalam?

Ga kuma wani abu. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, Tecno da Itel da Infinix, na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a Sin, kuma ana ƙera su ne domin kasuwanni irin namu. Suna zuwa ta Kano ko ta Dubai, ba su taka ƙasar Turai ba. Kamfanin na da damar ya ci gaba da sa ƙaramin rami na da a wayoyinsa masu maɓalli muddin ba can zai kai su ba. In kun ga sababbin samfura na zuwa da tip C, sauƙin ƙira ne ya kawo haka, don babu masana'antar da ke son raba aikinta gida biyu.

Batun hukunci shi ya fi tayar da hankalin mutane, don haka bari in tsaya a kansa. A cikin dokar babu tara ko ɗauri ga mai riƙe da waya. Nauyin yana kan mai ƙerawa, da mai shigo da kaya cikin tarayyar, da mai rarrabawa. Idan hukumar sa ido kan kasuwa ta wata ƙasa a cikinsu ta samu sabon kayan da bai cika sharaɗi ba, tana iya umartar a gyara, ko a janye shi daga kantuna, ko a hana sayar da shi. Yawan tara kuma kowace ƙasa ita ke yanke nata. Shi ya sa Apple ya daina sayar da iPhone 14 da iPhone SE a kantunansa na ƙasashen tarayyar a ƙarshen Disamba 2024, alhali ya ci gaba da sayar da su a wasu wurare. Ɗan duwan na Ɗan Isa aikinsa kuɗin fito da takardun kaya bisa dokar Nijar. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce dokar Turai ta ba shi ikon karɓar wayarka, ka nemi ya nuna maka takarda.

Yanzu maganar rezo. Wallahi na buɗe wayoyi ba iyaka, kuma ramin caji da abin da ke kama rezo ba su haɗa hanya ba. Ramin caji wuta yake shigarwa cikin batir. Rezo kuwa aikin eriya ne da sim da wani ɗan guntu a kan allon cikin waya. Antenar Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms ba ta da idon da za ta ga irin cajar da kake amfani da ita.

Ina jin an gauraya labari biyu ne. Gaskiya ne a Amurka an rufe tsofaffin rezo, wayoyi da yawa suka daina aiki: AT&T ya kashe 3G ɗinsa a Fabrairu 2022, Verizon ya rufe nasa a ƙarshen Disamba na shekarar. Wannan shawarar kamfanoni ce a kan rezonsu, don su ba 4G da 5G fili. Can ma an daɗe da tsari biyu da ba sa jituwa, GSM mai amfani da sim, irin namu, da CDMA wanda galibi lambar a jikin wayar take. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano za su tuna Starcomms da Visafone, su CDMA ne, shi ya sa wayarsu ba ta karɓar layinmu. Wannan bambancin shi ke iya mayar da waya ta banza.

Don haka mai sayen waya ta hannu da ta fito daga waje, ga inda ya kamata hankalinsa ya tafi. Ya sa sim ɗinsa a gaban mai sayarwa, ya kira, ya buɗe intanet, ya ga 4G ta hau, domin wata wayar kulle take da kamfanin ƙasar da ta fito, wata kuma zangon rezon da take kamawa bai dace da na nan ba, sai ka gan ta tana kira amma intanet kamar tafiyar hawainiya. Kuma iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da wurin sa sim ko kaɗan, sai eSIM, wato sim ɗin da ke haɗe a cikin wayar ba na cirewa ba. Na ga wanda ya zuba kuɗin buhunan gero a irinta, ya zo yana juya ta yana neman ƙofar sim.

Akwai sashe guda na dokar da ya taɓa mu a fakaice. Ta ce dole a ba mai saye damar sayen waya ba tare da kan caja ba, a sa hoto a jikin kwali mai nuna akwai ko babu. Ga wanda ke da cajoji biyar masu kyau a aljihun tebur, wannan daidai ne. A nan kuwa mutum ya sayi waya mai tsada, ya buɗe kwali ya tarar da igiya kaɗai, sai ya tsallaka titi ya sayi kan caja na dala ɗari. Ga wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta koma, ga zafin watan Afrilu. Bayan wata biyu batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Dokar ta wajabta wa na'urar da ke jan wuta sama da wat 15 ta bi tsarin caji mai sauri guda ɗaya, USB Power Delivery, amma jabun kan caja ba ya bin tsarin kowa. Kamannin baki ɗaya ba ya nufin inganci ɗaya.

Ni a ganina dokar mai kyau ce, kuma ta makara. Abin da ke ci min rai shi ne inda tsofaffin kayan ke ƙarewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk lokacin da kasuwar masu kuɗi ta juya wa wani kaya baya, sai ya nemo hanyar kasuwar talaka. Ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba, amma matacciyar waya da aka rubuta wa "ta hannu" a kwali wa zai tantance ta? A ƙarƙashin teburina akwai kwali cike da matattun cajoji da kumburarrun batura. Ba na zubarwa, domin na ga yara a juji suna cinna wa igiyoyi wuta don su ciro jan ƙarfe, baƙin hayaƙi na shiga ƙirjinsu, awaki na kiwo a gefe.

Wata ƙa'idar ta tarayyar da ba a yaɗa ta a WhatsApp ba ita ta fi faranta min rai. Daga 20 ga Yuni 2025, wayoyin zamani da za a sayar a can dole a samu kayan gyaransu har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin, batirinsu kuma ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Da masu ƙera wayoyin da ake kawo mana za su bi wannan, da kwalin nan nawa bai cika ba.

Inna dai ba ta sayar ba. Na goge mata ramin cajin da ƙura ta toshe, na canza mata igiyar da ta fara tsagewa a wuya. Har ta miƙe sai ta dawo ta ce, "Ɗana, abin nan da ka gaya min, faɗa a cikin wayar, in kai wa yaron ya tura inda ya samo waccan." Na danna, na faɗa da sunan rumfata, ta ɗaure wayarta a gefen zane ta tare ɗan kabu-kabu.