Zubar Jini Bayan Haihuwa

Zubar jini bayan haihuwa ita ce mace ta zubar da jinin da ya kai mililita 500 ko fiye cikin awa 24 da sauka. Idan ya kai mililita 1,000 sai a ce ya tsananta. Mililita 500 daidai take da ledar fiya wata ɗaya, irin ta santilita 50 da ake talla a bakin titin Agege ko Obalende, don haka cikin leda biyu ya isa ya jefa mai jego cikin haɗari. Wannan matsala ce kan gaba wajen kashe mata a haihuwa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mata kusan miliyan 14 a shekara, kimanin 70,000 kuma suna rasuwa, galibinsu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, Nijeriya kaɗai ta rasa mata wajen 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya.

Yadda jinin ke tsayawa, da abin da ke hana shi

A watan haihuwa, jinin da ke bi ta mahaifa yana kai mililita 500 zuwa 700 a minti guda. Da mabiyiya ta ɓalle, sai ta bar jijiyoyi a buɗe a gurbinta. Tsokar mahaifa ce ke rufe su, ta tsuke ta matse su har jinin ya daskare. Mahaifar da ta tsuke ana jin ta da hannu daidai cibiya ko ƙasa da ita kaɗan, da tauri kamar ɗanyen goruba. Idan aka taɓa aka ji ta laɓa-laɓa, to jini na zuba, ko da bai fito waje ba tukuna.

Sakin mahaifa shi ke jawo kusan bakwai cikin goma na zubar jinin. Yana zuwa ne idan tsokar ta gaji ko ta miƙe fiye da ƙima: doguwar naƙuda, tagwaye, ƙaton jariri, yawan ruwan ciki, haihuwa ta biyar zuwa sama, ko ƙari a mahaifa. Cikakkiyar mafitsara ma tana hana ta tsukewa, kuma abu ne da ake yawan mantawa da shi. Saura su ne ƙaruwa a gaba ko a bakin mahaifa, da maƙalewar mabiyiya ko wani ɓangarenta, da rashin daskarewar jini, wanda kan biyo bayan jijjiga, ko ɓallewar mabiyiya kafin haihuwa, ko daɗewar mataccen jariri a ciki. Akwai kuma fashewar mahaifa, wadda kan sami mai tsohon ɗinkin tiyata, ko wadda aka yi wa allurar ƙara naƙuda a gida ko a kyamis, ko aka danna mata ciki don a taimaka wa yaro ya fito.

Duk da wannan jeri, yawancin matan da ke zubar da jini ba su da ko ɗaya daga cikin alamomin haɗarin. Shi ya sa ake yi wa kowace mai haihuwa shiri iri ɗaya.

Aunawa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam ido bai san ta ba. Jini na shiga zani da katifa da tsumma, ya gauraya da ruwan haihuwa, ya malale ƙasa, kuma bincike ya sha nuna cewa ko ƙwararrun ungozomomi suna rage adadinsa idan suka kimanta da ido. Jikin matashiya mai lafiya kuma yana ɓoye asarar. Awon hawan jininta zai iya zama daidai har sai ta rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininta, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Idan ya haura 100 a minti, ko lambarsa ta wuce lambar sama ta awon hawan jini, ana ɗaukar matar a matsayin wadda ke cikin haɗari. Sauran alamu su ne jiri, ƙishirwa mai tsanani, gumi mai sanyi, farin ido da tafin hannu, haki da sambatu.

Maganin kuskuren kimantawa da ido wata leda ce mai jakar awo a ƙasanta, da ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya fito, jinin ya taru a jakar a karanta shi a layi. An gwada ta a binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, a asibitoci kusan 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, na cikin jagororinsa. Ƙa'idar da aka bi ita ce a fara magani da jini ya kai 500, ko ya kai 300 tare da wata alamar haɗari, kuma a ba da duk magungunan farko a tare maimakon a gwada ɗaya a jira. Zubar jini mai tsanani, tiyata da mutuwa a haɗe sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Rigakafi

Yana farawa daga awon ciki. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, abin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka shi zai kayar da ita. Himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, ƙasa da giram 11 ƙarancin jini ne ga mai ciki, ƙasa da 7 kuma ya tsananta. Ana ba da ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da folik asid kullum, da maganin rigakafin maleriya daga mako na 13, sau uku aƙalla, da tazarar wata guda. Shan ƙwayar da shayi yana rage amfaninta. Baƙin bayan gida da take sawa ba illa ba ne, amma mata da yawa kan daina sha saboda shi. A awo ne kuma ake sanin rukunin jini da inda mabiyiya take kwance.

A ɗakin haihuwa, ana yi wa mace allurar oksitosin, mai tsuke mahaifa, yunit 10 cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan an tabbatar babu na biyu a ciki. A jinkirta ɗaure cibiya minti 1 zuwa 3. Ƙwararre ne kawai ke jan igiyar cibiya a hankali, ɗaya hannun yana tokare mahaifa ta saman mara. Jan ta da ƙarfi yana tsinka igiyar ko ya juyo da mahaifar waje. Idan mabiyiya ta fito a duba ta ciki da bai ko ta cika. Daga nan a riƙa taɓa mahaifa duk minti 15 har awa biyu. Sa jariri a nono da wuri yana taimaka wa mahaifa tsukewa, amma ba ya maye gurbin allurar.

Oksitosin na da rauni guda: yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi makonni a kan kanta cikin zafin Legas, ko a firjin da wuta ke ɗaukewa, ƙarfinsa ya ragu ko da kwanan lalacewarsa bai zo ba, kuma kwalbar ba ta nuna komai. Inda ba a da tabbacin sanyi ana amfani da kabetosin mai jure zafi, maikirogiram 100, ko ƙwayar misofurostol maikirogiram 600 a sha. Misofurostol kan sa rawar sanyi da zazzaɓi na ɗan lokaci. Shan sa kafin jariri ya fito na iya fasa mahaifa.

Idan jini ya ɓalle

A kira taimako, a murza mahaifa ta saman ciki har ta yi tauri, a sa robar fitsari. A kafa babbar allurar ƙarin ruwa, biyu in da hali, a ɗebi jini don gwajin dacewa. A ba da oksitosin ta jijiya, tare da taranekzamik asid, mai hana daskararren jini narkewa, giram 1 a hankali cikin minti 10. Idan jini bai tsaya ba bayan minti 30 a maimaita taranekzamik asid ɗin. Binciken WOMAN na 2017, kan mata 20,000 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna wannan magani yana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku ba shi da amfani. Argometirin ma yana tsuke mahaifa, sai dai ba a ba mai hawan jini. Idan mahaifa ta yi tauri jini na ci gaba, to ƙaruwa ce, a nemo ta da haske a ɗinke.

In duk wannan bai yi ba, ana matse mahaifa tsakanin hannu biyu, ko a danne babbar jijiyar ciki da dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, ko a sa balan-balan a cikin mahaifa a cika da ruwa. Akwai kuma wata riga mai ɗauri da ake naɗe ƙafafu da ciki da ita don jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa, wadda aka gwada a Nijeriya da Masar, ta kan riƙe mace a hanya. Ƙarshe shi ne tiyata, wani lokaci har da cire mahaifa.

Halin Legas

A Legas asibiti ba shi da nisa, hanyar ce ke da tsawo. Mazauna Idi-Araba suna maƙwabtaka da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, akwai Ayinke House a Ikeja, da Island Maternity, da manyan asibitocin Orile-Agege da Ikorodu. Amma wanda ya taɓa fita daga Mile 12 ko Alaba Rago da ƙarfe bakwai na safe ya san tafiyar minti 20 na iya cin awa biyu, kuma awa biyu sun isa zubar jini mai tsanani ta kashe mace idan ba a yi komai ba. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Mai ɗaukar ta ya kwantar da ita, ya ɗaga ƙafafunta, ya lulluɓe ta, wata ta ci gaba da murza cikin, a tafi da jariri da mabiyiyar, a nufi inda ake tiyata da ƙarin jini kai tsaye.

Jinkirin farko kuwa a cikin gida yake. Kunyar haihuwar fari na sa yarinya ta yi shiru. Jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko ya ɗaga waya na cin lokaci, sai dai in ya bar izini da kuɗin mota tun watan bakwai. Akwai kuma ɗaukar da ake yi cewa mugun jini ne, gara ya fita. Mai zuwa goyon ciki Arewa ta tafi da katin awonta da sakamakon gwaje-gwajenta, ta kuma yi rajista a can da isarta.

Bayan an koma gida

Jinin biƙi yana raguwa kullum, daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa fari-fari. Idan ya dawo ja da yawa, ko ya fito da gudaji, ko wari da zazzaɓi da ciwon mara, a kowane lokaci daga kwana ɗaya zuwa mako 12, yawanci sauran mabiyiya ne ko ƙwayar cuta, kuma wankan jego ba ya maganinsu. Jiƙa ƙunzugu biyu cikin rabin awa na nufin asibiti nan take. Wadda ta zubar da jini tana ci gaba da ƙwayar ƙarin jini wata uku aƙalla. Idan nononta ya ƙi kawo ruwa, al'ada ta ƙi dawowa, ga kasala da zubewar gashin hammata, a gwada ta, domin faɗuwar jini mai tsanani na iya lalata wani ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ciwon da likitoci ke kira ciwon Shihan. A ciki na gaba kuma ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko, domin wadda ta taɓa zubar da jini ta fi sauran mata yiwuwar maimaitawa.